Na kai kanwa Damagaram, na dawo da ita

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce Fanna, matar marigayi Malam na bakin rijiya, a ƙauyenmu da ke bayan Kelle. Ban yi lakwal ba, wato boko. Malama Hadiza ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a takarda. Tun da na dawo daga Damagaram mata ke shigowa suna tambayar yadda na baro Falmata, ni kuwa da na fara sai kuka ya ci ƙarfina, ban taɓa kai ƙarshe ba. Shi ya sa na ce a rubuta sau ɗaya, a karanta muku ranar da kuka taru.

Falmata ita ce autata. Shekararta bakwai da aure a Damagaram, ciki biyu sun zube, sai bana Allah ya ba ta ɗa namiji. Malam bai gan shi ba, ya rasu bara da kaka. Amma tun cikinta na farko ya sayi jar kanwa wurin masu raƙuma, dunƙule babba, ya naɗe a buhu ya sa a rumbu. Ya ce da ni, “Wannan ta jegon Falmata ce. Ko miya ta rasa kanwa, kada ki taɓa.” Ban taɓa ba.

Talata: daga gida zuwa Gure

Ran Litinin mijinta Isufu ya kira salular mai shago, ya ce ta sauka jiya Lahadi. Yinin ranar na yi ina haɗa kaya: kanwar Malam, gero tiya goma, man shanu kwalba biyu, yajin jego, da dabino.

Mun tashi kafin kiran sallar farko, cikin buɗaɗɗiyar motar nan ta ƴan kasuwa mai hawa yashi. Maƙwabciyata Ya Kaltum ta rako ni da tocila. Tana miƙo mini kwalaben mai ta ce, “Fanna, ki cika mana ƴar nan ta yi jiki. Kada dangin miji su ce ƴar ƙauye ba ta da uwa.”

Na ce, “Sai ta cika ƙofa.”

Mun yi sallar asuba a Kelle. Sau biyu mota ta kafe a yashi, maza suka sauka suka tura. Ƙarfe tara muka shiga Gure, in ji mai agogo da ke kusa da ni.

Da muka wuce ta gaban likita, wato asibiti, sai na ja mayafi na rufe fuska. Nan Malam ya kwana tara kafin ya cika. Kun san shi, mutum ne mai jiki, in ya zauna ba ya barin wuri a tabarma, ni kuma ina alfahari da haka. Mata na cewa Fanna ta iya riƙon miji. Shayinsa sau uku a yini, sukari har sai ya yi danƙo a kofi. Miyarsa sai mai ya kwanta a kai, da gishiri sosai. Wata safiya ya faɗi a lambunsa cikin kwari, baki ya karkace. Suka ce tansiyo ne, wato hawan jini. Ban tambayi me ke kawo tansiyo ba, na ce ajali ne.

Daga Gure zuwa Damagaram

A tasha direba ya ɗaga buhun kanwa, ya sauke da sauri.

“Iya, dutse za ki kai Damagaram? Ai nasu duwatsun sun ishe su.”

“Kanwar jego ce, ɗana.”

“To, Allah ya raya. Wadda ta sha wannan sai an ƙara wa gado ƙafa.”

Na biya jika uku da rabi, kaya kuma dala ɗari. Na sha fura a inuwa muna jiran mota ta cika, sai ƙarfe goma sha ɗaya da rabi muka hau kwalta. Direba ya ce kilomita ɗari da sittin da ɗoriya ne a gabanmu.

A shingen jandarma aka karɓi katin kowa. Wani ya ƙwanƙwasa buhuna da yatsa, na gaya masa abin da ke ciki, ya yi dariya ya ce shi ma matarsa na cikin arba'in. Muka wuce Gidigir ba mu tsaya ba. A Gidimuni muka yi azahar, na sayi rake na dala ashirin saboda yaran gidan da zan sauka.

Matar da ke zaune kusa da ni ta kira mai tiren magani, ta sayi wasu ƙwayoyi a leda. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce sha-ka-fashe ne, na ƙanwarta da za ta koma ɗakin miji, har yanzu jikinta kamar sillen kara. Na ce mu ba mu san ƙwaya ba, kunu da mai ne namu. A raina na ga na fi ta hankali.

Bayan Mirya duwatsu suka fara bayyana. Ƙarfe biyar saura muka sauka. Surukina na jira da adaidaita. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini gaisuwar Malam, sannan ya ce, yana kallon ƙasa, “Inna, ba gida za mu fara zuwa ba. Tana likita, sun riƙe ta.”

“Ba ka ce ta sauka lafiya ba?”

“Yaro lafiya lau. Ita ce tansiyonta ya hau.”

Da na ji sunan ciwon nan sai da na dafa ƙarfen adaidaita. Amma da na shiga ɗakin masu haihuwa na gan ta, hankalina ya kwanta. Ta fi yadda na gan ta a zaman makoki, fuska ta cika, ƙafafu sun cika. Na ce a raina, wannan ba mara lafiya ba ce, birni ne ya karɓe ta. Ta miƙo mini jariri. Goshin Malam ne sak. Muka yi kuka tare.

Laraba da Alhamis

Na kwana gidan surukina. Da asuba na ɓantari kanwa, na dama kunu mai kauri, na zuba man shanu, na cika termos.

A bakin ɗaki na haɗu da sajfam, mai karɓar haihuwa, Madam Rakiya, wata gajeruwa mai tabarau. Da ta ji daga Gure nake sai ta gaishe ni da Barbarci, na ji daɗi. Sannan ta kalli hannuna.

“Iya, me ke cikin termos?”

“Kunun jego.”

“Na kanwa?”

“Akwai wani kunun jegon ne, ƴata?”

Ta ce, “Ki yi haƙuri, Iya. Falmata ba za ta sha kanwa ba. Kanwa ƴar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana tayar da tansiyo. Cikar ƙafar da kike gani kumburi ne. Nauyi kuma dama ya yi mata yawa tun kafin cikin nan. Zuciyarta ta gaji.”

Na ce, “Ke uwarki ba ta ba ki ba?”

“Ta ba ni, na sha. Ni ba a kwantar da ni da tansiyo ba.”

Na ce to, na ji. Da baki na ce. Tana fita na zuba a kofi. Falmata ta ce a hankali, “Inna, sun hana fa.”

Na ce, “Ta babanki ce. Shekara da shekaru tana jiran ki a rumbu.”

Ta dube ni, ta karɓa da hannu biyu, ta shanye. Safe da yamma, kwana biyu, ina ɓoye termos cikin mayafi. Malama, rubuta haka yadda na faɗa, kada ki gyara mini.

Juma'a

Da hantsi na iso na tarar da ita zaune, ta kasa kwanciya. Tana numfashi kamar wadda ta hau tudun yashi da tulu a kai. Ta ce kanta zai tsage, kuma duhu-duhu take gani. Madam Rakiya ta ɗaura mata abin awo a damtse, ta duba, ta sake dubawa, ta aika a kira babban likita. Aka yi mata allura, aka ɗaga mata kai da filo uku.

Madam ta ce, “Falmata, me kika ci?”

“Ba komai, Madam.”

Tana neman numfashi, tana kuma rufa mini asiri. Na fito da termos daga mayafi na ajiye a kan gado. Na ce, “Ni ce.”

Suka ci gaba da aikinsu. Na fita na zauna a ƙasa a baranda, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da Malam. Na bar shi a Gure saboda ciwon nan, ga shi na ɗauko wa ƴarsa a kaina tun daga ƙauye.

Sai bayan an sauko daga masallaci Madam Rakiya ta fito. Ta naɗe farar rigarta ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ta ce numfashi ya fara daidaita. Ta ce, “Ban ce kunun kaɗai ba ne. Dama jikin a wahale yake, kunun ya ƙara masa kaya. Baban nata me ya yi ajalinsa?”

Na gaya mata komai, shayi da mai da gishiri, da faɗuwarsa a lambu. Ina faɗa ina jin abin da nake faɗa. Na kama hannunta na ce, “Ƴata, gaya mini gaskiya. Ni na kashe shi?”

Ta ce, “Rai da mutuwa na Allah ne, Iya. Kin ba shi abin da kika sani shi ne alheri. Wa ya taɓa zuwa ƙauyenku ya gaya miki wani abu dabam?”

Sai na gaya mata abin da tsofaffinku suka sani. Shekarar yunwa, kafin a haifi Falmata, na binne yara biyu cikin wata ɗaya, hannuwansu kamar tsinke. Tun daga nan in na ga ƙashin wuyan mutum a waje, mutuwa nake gani. Da abinci ya dawo na yi wa kaina alkawari ba wanda zai sake ramewa a gidana.

Ta nuna mini wata rumfa can gefe. Ta ce, “Can muke auna yaran da yunwa ta kama, har yau muna yi. Nan kuma muna kwantar da iyayen da nauyi da tansiyo da ciwon sukari ke kayarwa. Gida ɗaya, wani lokacin uwa da ɗanta. Yanzu hukuma ta ce duk macen da ta zo a ɗora ta a sikeli, a auna tansiyonta, a yi mata magana kan gishiri da sukari da mai. Muna yi. Amma mu minti biyar muke da su, tukunya kuma tana hannunku.”

Lahadi da Litinin

Ran Lahadi aka yi suna, mai jego na likita. An yanka rago a ƙofar gida, aka sa wa yaro sunan Malam. Ni ba zan iya faɗar sunan ba, Angona nake ce masa.

Ran Litinin Madam ta ce in zo rumfar awo in zauna da mata. Aka ɗora ni a sikeli, wata ta ce, “Iya, riƙe ƙarfe, kada iska ta tafi da ke.” Aka auna tansiyona, aka ce nawa ma ya ɗan hau, in rage gishiri. Ashe ba mai jiki kaɗai yake kamawa ba.

Akwai babban hoto a bango, kwano da abinci iri-iri. Ban iya karanta rubutun ba, amma na san kowane ganye: zogale, yakuwa, kabewa, wake. Abin da muka ci lokacin wahala, muke jin kunyar ba baƙo, shi ne aka zana aka manna a birni. Mai jawabi na cewa a yawaita ganye da kifi, sai wata ta ɗaga hannu ta ce, “Madam, gishirin da kike hanawa shi kaɗai ne maigidan ke iya saye.” Aka yi dariya, har mai jawabin. Amma gaskiya ta faɗa. Zogalen da awakinmu ke ci a bakin rijiya, a Damagaram ɗan kashi dala ashirin ne.

Kwana arba'in a gidan suruki

Ran Talata aka sallame ta, da ƙwayoyin da za ta sha kullum. Na tura buhun kanwa ƙarƙashin gado, na koyi girki da tsufana. Kunun gero da tsamiya, ba kanwa. Miya da daddawa da albasa, gishiri bakin ƙaramin cokali. Wake, zogale, kifi in an samu. Sauran man shanun na raba wa maƙwabta. Da la'asar mu taka zuwa ƙarshen layi mu dawo. Ranar farko sau uku ta tsaya hutawa.

A mako na uku uwar mijinta, Hajiya Mariya, ta zo da kwanon soyayyen nama yana iyo cikin mai. Ta dubi Falmata daga sama har ƙasa, ta juyo gare ni.

“Fanna, jegon ƙauye ke nan? Yarinya ta shiga da wuya uku, za ta fito da ɗaya? Me zan ce wa mutane ranar arba'in?”

Abin da na ji tsoro tun daga gida ke nan, ga shi an faɗa mini a fuska. Na ce, “Hajiya, na taɓa ciyar da mutum har ya cika tabarma, duk gari na yabo na. Ga shi an yi sunan jikansa ba ya nan. Ki ce musu uwarta ce ta hana.”

Ta ɗauki jariri tana yi masa wasa, da za ta tafi ta ce a ba Isufu naman. Bayan mako guda ta dawo, tana cire takalmi da ƙyar saboda kumburin ƙafa, ta tambayi Falmata wace rana ce ake awon nan.

Kada ku ce ya zo mini da sauƙi. Kumburi ya saɓe, ƙashin wuyanta ya fara fitowa, duk na gani sai gabana ya faɗi. Sau da yawa na durƙusa na taɓa buhun nan a ƙarƙashin gado. Wata rana ta kama ni ina kallonta, ta ce, “Inna, daina ƙirga mini ƙashi. Jiya na yi sujada ban ji kaina zai fashe ba.” Nono kuma bai ragu ba, Angona sai cika yake.

Ranar arba'in muka koma awo. Ta ragu kilo shida, tansiyo ya sauka, amma an ce ta ci gaba da magani. Madam Rakiya ta ce da ni, “Iya, ina termos?” Na ce na bar shi gida, ya tuba.

Alhamis: komawa gida

Da na jawo buhu zan ɗaure, Falmata ta ce, “Inna, ɓantar mini kaɗan.” Na zuba mata ido. Ta ce, “Ba sha zan yi ba. A akwati zan ajiye, in ya girma in nuna masa abin da kakansa ya tanadar masa.” Na ɓantar mata kamar ƙwan kaza.

Bayan sallar asuba muka fita. Surukina ya sa kaya a kabu-kabu ya yi gaba. Ita kuwa ta goya yaro ta ce da ƙafa za ta raka ni. Tun daga gida har tasha ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, ni ce ma na ce ta rage sauri.

Direban nan na Gure ne ke lodi. Ya ɗaga buhu ya gane shi.

“Iya, dutsen ya ƙi zaman birni?”

“Ya ƙi, ɗana. Gida zai koma.”

Ƙarfe bakwai muka tashi. A Gidimuni na ga mai tiren magani, na yi ta duban matar nan mai ƙanwa ban gan ta ba. Da na gan ta da na gaya mata ban fi ta da komai ba. Azahar ta yi mana a Gure. Wannan karon da muka zo gaban likita ban rufe fuska ba, na yi wa Malam addu'a har muka wuce. Motar ƴan kasuwa ta tashi bayan la'asar, ana kiran isha'i muka shiga gari.

Ya Kaltum ce ta fara taryata. Ta ga buhu, ta gan ni.

“Fanna, ta yi jiki?”

“Ta rame.”

Ta kama baki.

Na ce, “Ta raka ni tasha da ƙafarta, da goyo a baya.”

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa surukina, da Madam Rakiya da ta zauna a ƙasa saboda ni, da Malama Hadiza da ta yi haƙuri da kukana. Ku kuma ƴan uwana, ban ce kowace mai jego kanwa za ta kayar ba. Na ce dai wadda ƴarta ke da ciki, ta kai ta a auna kafin ta hura wuta. Zogalen bakin rijiyar Malam kuwa, duk mai so ta zo ta tsinka.

Washegari da safe na kai buhun garke. Na farfasa kanwar da taɓarya, na zuba wa tumakin Malam a kominsu. Suka taru suna lasa. Na tsaya a kansu na ce, “Malam, ka yafe mini, ban cika maka alkawari ba. Amma ƴarka na nan da ranta, tana gaishe ka.”